Svalbard: ta yaya Rashawa suka sami gari a ƙasar Norway?

Aminu Zariya: Assalamu alaikum. Na ga tsibiran Svalbard a taswira, can arewa da Norway a tekun Arctic, an rubuta cewa mallakar Norway ne, sai kuma na tarar da garin Rashawa mai suna Barentsburg a cikinsu. Ta yaya haka ta faru, kuma da me mutane suke rayuwa a wurin da ƙanƙara ta rufe kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasarsa?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Tushen maganar yarjejeniyar da aka sanya wa hannu ce a Paris ranar 9 ga Fabrairu, 1920. Kafin nan tsibiran ba na kowa ba ne. Willem Barentsz, ɗan ƙasar Holan, ya iso su a 1596, mafarautan manyan dabbobin teku suka biyo baya domin kitse, daga bisani kuma kwal ya jawo kamfanoni, har wani Ba'amurke, John Longyear, ya kafa garin Longyearbyen a 1906. Yarjejeniyar ta ba Norway mulki, amma ta bai wa 'yan ƙasashen da suka shiga cikinta 'yancin zama da haƙar ma'adinai daidai da 'yan Norway, ta kuma hana gina sansanin sojan ruwa. Da wannan 'yancin kamfanin kwal na Rasha, Arktikugol, yake riƙe da Barentsburg, kodayake ya daina haƙar kwal a wani garin nasa, Pyramiden, a 1998.

Alhaji Sani Maraɗi: Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Kwal dai yana ja da baya: tashar lantarki ta Longyearbyen ta daina amfani da shi a 2023. Yanzu yawon buɗe ido da binciken kimiyya ne suke ɗauke da garin, duk da cewa rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne rumbun irin shuka na duniya da aka haƙa cikin dutse aka buɗe a 2008, domin cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka fara aika iri, har da waken da muke nomawa.

Aminu Zariya: Na gode ƙwarai. To, gaskiya ne ba a neman biza?

Malama Hadiza: Gaskiya ne, amma jirgi ta Norway yake bi, saboda haka irinmu sai da bizar Schengen, wato ta shiga Norway da yawancin ƙasashen Turai. Gwamnan tsibiran kuma yana da ikon sallamar wanda ba zai iya ciyar da kansa ba.