Wane suna za mu ba ƙarfen da ake ɗaura wa igiyar jan mota?

Jama'a, kalma nake nema. Ƙarfen nan da ake murɗawa a gaban mota a ɗaura masa igiya idan za a ja ta, me za mu kira shi da Hausa? A garejojin Maradi "kuroshe" ake cewa, daga crochet de remorquage na Faransanci. Da na fara tambaya, wasu sun ce "ƙugiya", wani malami kuma ya kawo "majayi".

Ga abin da ya sa na tayar da maganar. Ran Lahadi muna dawowa daga Madarunfa, motar ƙanena ta kafe cikin yashi. Wani mai Hilux ya tsaya, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a nemo kuroshe. Samari suka kwanta ƙarƙashin mota suna laluben abu mai lanƙwasa. Da ba su samu ba, sai suka zarga igiya a ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Ja ɗaya ya lanƙwashe. Mota ta fito, taya na kallon gefe. Alhali abin da ake nema yana cikin but, gefen jak, ko tsatsa bai yi ba, da alama tun daga Kwatano babu wanda ya taɓa shi.

Masu cewa "ƙugiya", na gode, amma ban gamsu ba. Ƙugiya bakinta a buɗe yake, kamar wadda ake ciro guga da ita in ya faɗa rijiya. Wannan kuwa rufaffe ne: kansa zagaye, jikinsa da zare irin na noti. Ka ce wa yaro ya nemo ƙugiya, daidai abin da samarin nan suka yi zai yi.

Malam da ya kawo "majayi", ginin kalmar Hausa ne tsantsa, kamar mabuɗi da maɗauri. Sai dai igiyar ma majayi ce, motar da ke ja ma haka.

Kawuna, mai shanun noma, cewa ya yi "hancin mota", tunda ta hanci ake jan shanu. Ta yi mini daɗi ƙwarai. Abin da ya hana, a baya ma akwai wurin murɗa shi.

Ni dai na tsaya kan "zoben ja". Wanda ya ji zobe ya san siffar da zai nema. Daga nan sauran sunayen na biyo baya da kansu: ɗan marfin roba da ke jikin bamba, marfin zobe, abin da ke bayansa, ramin zobe. Ka ɓamɓare marfin da bakin sukudireba, ka murɗa zoben har ƙarshe, ka zura sifanar taya cikinsa ka ƙara ɗaurewa. Idan ya ƙi shiga kada ka tilasta, gwada hagu, domin na Volkswagen da Audi ta hagu ake ɗaure su. Zoben da aka bari rabi zai iya tsirgewa ya yi kan gilashin mai ja.

Shi ja a miƙe ake yin sa, sannu, igiya ta ɗame tukuna. Ba a fizga, ba a ɗaga mota da shi, kuma kowa ya matsa nesa da igiya, musamman yara. Direban da ake ja ya sa giya a firi, ya buɗe makulli don kada sitiyari ya kulle, ya kuma sani in inji a mace yake birki da sitiyari tauri suke yi. Mota mai giyar otomatik kuwa, littattafan motoci da dama sun iyakance ta ga gudun kilomita 50 a awa, nisa ma kilomita 50. Daga Madarunfa zuwa Maradi ya yi, daga Tasawa a ɗora ta kan babbar mota.

Saura ɗaya: dunƙulen ƙarfen nan mai faɗin milimita 50 da ke bayan wasu motoci, na jan tirela. Mutane na zarga masa igiya su fizgo motar da ta kafe, shi kuwa yakan karye ya tashi kamar dutsen majajjawa. Shi ma yana son sunansa daban don kada a haɗa shi da zobe. Ina ganin "ƙwallon tirela". Bakanikai, me kuka ce?