Neman shawara: Ƙarar fankar zuƙe hayaƙi ta hana mu sakat a gida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan abin da ke damunmu tun da muka koma sabon gidan haya. Kicin ɗin a cikin gida yake kuma tagarsa ƙarama ce, shi ya sa aka maƙala fanka mai zuƙe hayaƙi a bango, akwai kuma wata ƙarama a silin ɗin banɗaki wadda aka haɗa da makunnin fitila. Tun da hunturu ya shigo, ta kicin ta koma gurnani da karkarwa har kofunan da ke kan kanta suna kaɗawa, ta banɗaki kuwa wani kuka take yi mai tsini kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Surukata ta zo jinya, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da banɗakin, kuma duk wanda ya kunna fitila don alwalar asuba sai ya tashe ta daga barcin da da ƙyar take samunsa. Yanzu da fitilar waya muke shiga. Ta kicin ma na daina kunna ta, amma ranar da na soya attaruhu da kifi sai da yara suka fice waje saboda tari. Maigida yana ganin a cire su gaba ɗaya, ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba. Gyara ake yi ko sababbi za mu saya?

Amsa daga wani mai aikin wayarin:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Mama lafiya. Kada ku sayi komai tukuna, domin kukan da kika bayyana iri biyu ne, kuma kowanne da dalilinsa. Gurnani da karkarwa yawanci daga fukafukan fankar yake. Maiƙon girki yana maƙalewa a jikinsu, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, wani fiffiken ya fi wani nauyi, sai fankar ta riƙa jijjiga tana zuba jijjigar a cikin bango. Ga gwajin da za ki yi da kanki: ki kunna ta, ki danna gefen murfinta da tafin hannu, nesa da fukafukan. Idan ƙarar ta ragu, to sukurori ne suka saki ko kuma jikinta na bugun bango, kuma maganinsa shi ne a ɗaure su bayan an sa roba tsakanin fankar da bangon. Tsohon tub ɗin tayar babur da aka yayyanka yana yin wannan aikin sarai.

Ta banɗakin nake zargin boris ɗinta, wato ƙarfen da sandar fankar ke juyawa a cikinsa, ya ci. A kashe wuta daga babban makunni, a cire murfin, a juya fiffiken da yatsa. Lafiyayyen boris yana barin fanka ta yi ta juyawa shiru kafin ta tsaya, wanda ya ci kuwa za ki ji shi yana karce-karce kamar akwai yashi a ciki, ta tsaya nan take. Haɗa ta da makunnin fitila kuma ba dole ba ne. Aikin ɗan lokaci ne a raba mata nata makunnin, ko yau aka yi shi Mama ta huta da asuba.

Amsa daga wata uwargida:

'Yar'uwa, ki fara da wanki. Tawa haka ta yi, da muka sauke ta sai muka tarar da maiƙo ya daskare a fukafukan ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, har sai da na kankare shi da bayan cokali. Na jiƙa murfin da fukafukan a ruwan zafi da omo, na bi lungunan da tsohon buroshin haƙori, na shanya suka bushe ƙamas kafin a mayar. Injin kansa kada ruwa ya taɓa shi, busasshen tsumma kawai za ki sa. Ki kuma leƙa ta waje, domin akwai wasu 'yan marafai da iska ke buɗewa, idan maiƙo ya riƙe su iskar ba ta samun mafita, fankar ta yi ta wahala tana ihu. Cirewar da maigida ya ambata, don Allah ki ba shi haƙuri. Kicin mai ƙaramar taga da ake girki da gas a cikinsa ba ya zama babu hanyar fitar iska, ballantana ga marar lafiya a gidan.

Amsa daga wani ɗan'uwa:

Ni dai shawarata a ɗiga mata mai, sannan a cusa soson katifa a kewayenta don ya shanye ƙarar.

Mai aikin wayarin ya sake cewa:

Malam, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Soson katifa kusa da injin da ke ɗaukar zafi, a wurin da maiƙo ke taruwa kuma wuta na ci a ƙasa, hanyar gobara ce. Mai kuwa, ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a bakin sandar da ke juyawa yana taimakon wasu fankoki, amma man gyaɗa ko manja daskarewa suke yi su kama ƙura su ƙara lalata ta. Boris ɗin da aka rufe tun daga kamfani ba ya shan mai, idan ya ci sai canji, kuma a ƙananan fankokin banɗaki sau da yawa sayen sabuwa ya fi gyaran sauƙi.

Amsa daga wani da ya karanci injiniyanci:

Hajiya, idan har ta kai ga saye, ki duba lambar ƙara da ake rubutawa a kwalin, wadda ake aunawa da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin barci da dare ta wuce 30. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu, saboda haka bambancin fanka mai 30 da mai 40 ba ƙarami ba ne. Mutane suna ɗauka ƙaramar fanka ta fi shiru, alhali babba mai juyawa a hankali tana fitar da iska daidai da ƙarama mai gudu, kuma ta fi ta shiru nesa ba kusa ba.

Abin da na fi so a duba shi ne bututun da ke bayan ta banɗaki. Faɗin inci 4 ake sa wa banɗaki, na kicin kuwa inci 6 ya fi dacewa, kuma duk inda aka matse bututun, ko aka yi masa lanƙwasa da yawa, ko aka sa irin mai murɗe-murɗen nan aka bar shi a takure, iskar tana tsayawa tana gurnani. Na sha ganin gidajen da babu bututun ma sam, fankar tana hura tururi cikin silin kawai, silin ɗin ya zama mata ganga, danshi kuma yana cin katakon rufi. Sannan iskar da aka fitar dole wata ta maye gurbinta, don haka a bar rata kamar ta santimita 1 a ƙasan ƙofar banɗaki, a kicin kuma a buɗe tagar ko yaya ƙanƙantarta. Ki lura kuma ko ƙarar tana canzawa idan an koma kan inbata ko wuta ta yi ƙasa, domin wasu inbatoci masu araha suna sa injin fanka ya riƙa ɗan ruri ko da lafiyarsa ƙalau.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na danna murfin ta kicin kamar yadda aka ce, ƙarar ta ragu sosai, da muka duba kuma sukurori biyu daga cikin huɗu ne kawai ke riƙe da ita. Na wanke ta, an sa roba an ɗaure, yanzu ana jin motsin iska amma kofuna sun daina kaɗawa. Ta banɗaki mun juya ta da yatsa, karce-karcen yana nan, don haka za a canza ta kuma a raba mata makunni. Da aka ɗaga murfin silin, babu bututu ko ɗaya a bayanta. Tambayata ta ƙarshe ga Injiniya: tunda gidan haya ne kuma sai an fasa bango kafin a fitar da bututun, shin a mayar da sabuwar jikin bangon banɗakin kai tsaye ya fi, ko a bar ta a silin a ja mata bututu? Gobe maigida zai yi magana da mai gidan, ina so ya je da abin da zai faɗa masa.