Wai Nokia ta mutu ne, ko sunan kawai ya sauya hannu?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum, manya. A kasuwar waya ta Adum PZ da ke Kumasi ana sayar da ƙananan wayoyi masu maɓalli da sunan Nokia, amma a bayan kwali sai ka ga HMD. Sannan akwai tsofaffin akwatunan ƙarfen sabis da ke yawo a hannun 'yan gwangwan, wani an rubuta Nokia Siemens, wani Alcatel-Lucent, kuma dillalai na cewa duk ɗaya ne. Da gaske ne? Kayansu na shiga juna?

Injiniyan Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ɗaya ba ne, kuma sai ka bi tarihin kafin ka gane dalili. Nokia ta fara ne a 1865 a Finland da injin niƙa itace don yin takarda. A 1967 ta haɗe da kamfanin roba da na kebul, daga ɓangaren kebul ɗin nan harkar sadarwa ta tsiro. Ranar 1 ga Yuli 1991 aka yi kiran GSM na farko da kayanta, a 1998 kuma ta ƙwace wa Motorola kambun sayar da waya.

Sai dai tun can ƙafa biyu gare ta: wayar hannu, da kayan da ke ba wayar sabis. Ta farkon ce ta karye. A 2011 shugabanta Stephen Elop ya ɗora kamfanin kan manhajar Windows Phone alhali kasuwa ta riga ta bi Android. A 2013 aka sanar da sayar wa Microsoft sashen waya kan Yuro biliyan 5.44, cinikin ya kammala a Afrilun 2014. Ita ma Microsoft abin bai karɓe ta ba. A 2016 HMD, wani kamfanin waya na Finland, ta karɓi lasisin sunan. Don haka wayar da ke Adum, Nokia ba ta ƙera ta ba, haya ta ba da suna.

Ƙafa ta biyu kuwa cin wasu ta yi ta yi. A 2007 ta haɗa sashenta da na Siemens, a 2011 suka sayi kayan sadarwar Motorola, a 2013 ta biya Siemens Yuro biliyan 1.7 ta sallame ta. Babbar lomar ita ce Alcatel-Lucent, Yuro biliyan 15.6, wadda ta shigo hannu a 2016 tare da cibiyar bincike ta Bell Labs. Ko kebul ɗin WACS da ACE na ƙarƙashin teku da suka sauka a Akra, aikin Alcatel-Lucent ne. Suna cikin waɗanda suka yanke a Maris 2024 intanet ya yi ta ciwo a nan Gana.

Mai Hawa Ƙarfe: Injiniya ya gama da tarihi, ga abin da ke ƙone wa mutane kuɗi. Sayen kamfani ba ya mayar da kayansa 'yan uwa ɗaya. Tsohuwar Flexi, akwatin ƙasa na Nokia Siemens, tana magana da rediyonta na saman ƙarfe ta tsarin OBSAI, na Alcatel-Lucent kuma CPRI suke ji. Bakin fayiba zai shiga ramin daram, fitila ta kama, amma akwatin ƙasa ba zai ga rediyon ba. Ko a CPRI ɗin kowane kamfani yana da nasa sirrin a manhaja. Shi ya sa bayan haɗewar aka riƙa cire rediyon Alcatel-Lucent ana sa AirScale na Nokia. Abin da Nokia ta riƙe da hannu bibbiyu daga gadon shi ne rauta 7750 da kayan fayiba na ISAM.

Wuta ma tarko ce. Kayan nan na cin 48V DC, batir huɗu na 12V a jere, kuma ƙafar fosit ce ke zuwa ƙasa, saɓanin mota. Wanda ya saba da wayarin mota ya juya su, in an yi sa'a fis ne zai tafi, in ba a yi ba allon wutar. Ka auna da mita kafin ka ɗaure. Ka duba SFP kuma, wato 'yar na'urar da bakin fayiba ke shiga: na 850nm na fayiba gajere ne, na 1310nm na dogo, in ka gauraya su layin zai yi ta ɗaukewa. Ƙari a kan haka, akwatin da ba shi da lasisin manhaja ƙarfe ne kawai, a kilo za ka sayar. Wanda kuma ba takardar inda ya fito, bar shi inda ka gan shi, don satar kayan ƙarfen sabis ba ƙaramin laifi ba ne.

Baba Mai Batir: Yaro, ni ɓangaren 'yar yam ɗin, wato ƙaramar waya mai maɓalli, zan taɓa. Kar sunan ya ruɗe ka wajen sayen kayan gyara. 3310 ta 2000 da 3310 ta 2017 ba abin da ya haɗa su sai suna: tsohuwar caja mai kauri 3.5mm take ci, sabuwar micro USB da batir BL-4UL. Ita 1100 BL-5C ne nata. BL-4C zai zauna a gurbin amma ya fi siriri, sai ya riƙa motsi waya na mutuwa a aljihu, shi ne kake ganin ana cusa takarda a baya. In za ka saya, danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da ta ƙarƙashin batir da ta jikin kwali. In ɗaya ta saɓa, mayar masa da abarsa.

Ɗan Aboabo: Allah ya ƙara basira, manya. To wayoyin da ake rubuta Alcatel fa, su ma na Nokia ne?

Injiniyan Asawase: Sunan ya faɗo hannun Nokia ta gadon 2016, amma TCL ta Sin ce ke ƙera su da lasisi. Kayan gyaransu wajen masu TCL za ka nema.