Intel ko AMD: shawarwarin da suka fito daga hirarmu

Jiya mun daɗe muna tattaunawa da wasu masu gyaran kwamfuta kan gasar Intel da AMD, kamfanoni biyu masu yin processor, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ga abin da na tsinto.

Kusan kowa ya yarda cewa mai saye ne ya ci ribar wannan gasa. Shekaru da dama Intel na cin karensa babu babbaka, har AMD ya fito da processor ɗinsa mai suna Ryzen a 2017, ƙarƙashin jagorancin shugabarsa Lisa Su. Daga nan farashi ya fara hankali. AMD ba shi da masana'antar kansa, TSMC ta Taiwan ce ke ƙera masa. Intel kuwa ya riƙe nasa masana'antun, kuma a 2024 ya tafka asarar da ta haura dala biliyan 18.

Shawarar da aka fi nanatawa, wadda ni ma nake bayanta: kada sunan i7, wanda Intel ke sa wa processor ɗinsa na ajin da ke sama da i5, ya ruɗe ka. Juya laptop ɗin, ko ka shiga cikin saitinta, ka karanta cikakkiyar lambar. i5-8250U ta ƙarni na takwas (8 ɗin da ke farkon 8250 ne ke nuna ƙarnin, wato zubin fitowarta) ta fi tsohuwar i7-4600U ƙarfi, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas yake farawa. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen na hannu.

Wani dattijo cikinmu ya ce shi batir yake dubawa kafin komai, saboda halin wutarmu. A nan processor ɗin M1 na Apple, wanda ya fito a 2020, ya yi zarra, sai dai ba a iya ƙara masa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, bayan saye.