Husufin rana na 2027 a Makka: in saita Umarar Hajiya da shi?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda bai sani ba kada ya yi min shaci-faɗi, domin magana ce ta kuɗi da idon tsohuwa.

Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Na daɗe ina zubin adashi da niyyar kai Hajiyarmu Umara, don rabonta da ƙasa mai tsarki tun Hajjin da suka yi da marigayi Baba. To kwanaki wani abokin cinikina Bamaraɗe ya zo sari, muna hira yake ce min ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta yi husufi cikakke, kuma duhun ta kan Makka zai bi. Ya ce shi ya ga na 2006 a garinsu, har yau bai ga abin da ya girgiza shi kamarsa ba. Ni kuwa a 2006 ina nan Kano, abin da na tuna kawai haske ya yi wani iri, aka yi sallah, kowa ya koma harkarsa. Shi ya sa nake tambaya: maganar tasa gaskiya ce? In gaskiya ce, akwai wani bambanci da zai sa mutum ya saita tafiya saboda shi, ko daga saman Dutsen Dala ma za a gani? Sannan Hajiya an yi mata aikin yana a ido ɗaya, ba na son in kai ta ibada in dawo da ita da lalura.

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Bamaraɗen nan bai yi maka ƙarya ba. Ranar Litinin ce, ƙarshen watan Safar na 1449. Inuwar wata za ta taso daga tekun Atilantika, ta shafi kudancin Sifaniya, ta bi ta Tanja a Maroko, da Aljeriya, Tunisiya, Libiya, ta shiga Masar inda a kusa da Luksor duhun zai kai minti 6 da daƙiƙa 23, sannan ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda da Makka, ta wuce Yaman da Somaliya. A Makka duhun zai ɗan haura minti 5, tsakanin ƙarfe 1 da 1:30 na rana agogonsu. Amma ka lura da wannan da kyau: Madina ba ta cikin layin. In masu shirya tafiyar suka sa ku a Madina ranar, to kun yi asarar abin da ka je nema, sai dai ladan ziyara.

Batun bambanci kuwa, ni ganau ne. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 na bi motar Katsina da sassafe saboda layin ya bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, Kano kuwa tana gefe. Abin da ku kuka gani a nan shi ne rana da aka rufe mafi yawanta. Ɗan siririn da ya rage ya isa ya haskaka gari, shi ya sa ka ce haske ya yi wani iri kawai. Mu a Katsina, da hantsi, sai iska ta yi sanyi, inuwar mutum a ƙasa ta yi kaifi, kaji suka nufi akurki. Can sai ɗigon hasken ƙarshe ya ɗauke, aka bar baƙin faifai a sama da farin haske mai gashi-gashi kewaye da shi, ga tauraro ya fito, ga gefen sama ta ko'ina ya yi ja irin na magariba. Wani dattijo kusa da ni kabbara kawai yake yi yana kuka. Bai kai minti 4 ba haske ya dawo.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa: rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400, sai girmansu ya zo ɗaya a idonmu. Ba ya faruwa duk wata ne saboda hanyar wata ta karkace da kamar digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi. Inuwar ba ta da faɗi, ta 2027 kilomita 250 da 'yan kai ce, don haka a Kano wani ɓangare na rana kawai zai rufu, da hantsi, kuma ka san Agusta a garin nan, hadari na iya hana ka ganin ko wannan ɗin.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:

Alhaji ni ta fannin ido zan yi magana, don da wuta nake cin abinci. Duk lokacin da aka ce za a yi husufi sai yara su cika min shago suna aron gilashi. Gilashin walda lamba-lamba ne. Wanda masana suka yarda a kalli rana da shi shi ne lamba 14, kuma mafi yawan wanda muke aiki da shi bai kai nan ba. Ni ba na ba kowa aro.

Baƙin tabarau na kwalliya, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, kwalbar da aka turara da hayaƙin fitila, duk ba sa karewa. Har ruwa a baho da iyayenmu ke sa mu leƙa, hasken da ke dawowa daga ruwan ya isa ya yi ɓarna. Mugun abin shi ne bayan ido ba ya jin zafi, mutum yana ƙonewa bai sani ba, sai bayan sa'o'i ya ga wani tabo a tsakiyar ganinsa. Akwai tabarau na kwali da aka yi don wannan aikin, za ka ga an rubuta ISO 12312-2 a jiki. Amma rubutu kowa na iya bugawa. Ka gwada shi a ɗaki: in kana ganin kujera ko fuskar mutum ta cikinsa, jabu ne, jefar da shi. Na gaske ba ka ganin komai sai rana. Ka saya tun da wuri, ka duba babu huji ko ƙarzuwa, kuma kada ka ɗora shi a ido sannan ka leƙa ta madubin hangen nesa, zafin zai huda shi.

Hajiya dai ka fara kai ta wajen likitan da ya yi mata aikin, abin da ya ce shi ne magana.

Maman Khalifa:

Ni dai Alhaji ka yi haƙuri, tsohuwa da zafin Makka a Agusta, ƙarfe ɗayan rana, a fili? Zafin nan yana wuce digiri 40. Ga cunkoso, domin ba kai kaɗai ka ji labarin ba, masauki da tikiti sai abin da Allah ya yi. In dai za ka kai ta, ka nemi masauki kusa da Harami, ku tanadi lema da ruwa da keken turawa. Ita ba sai ta ɗaga kai ba kafin duhun ya cika. Ka tafi da matsamin taliya mai huji-huji, ka riƙe shi sama da farin ƙyalle, kowane huji zai zana mata rana a ƙasa kamar jinjirin wata, tana zaune a inuwa tana gani. Mu da za mu zauna a gida haka zan yi wa yarana a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, don hasken da ke ratsowa ta ganye ma yana yin hakan.

Almajirin Fagge:

Akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma shi ne babba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi sallah da addu'a. Sallar raka'a 2 ce, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, kuma ana tsawaita ta. Mu a nan bisa mazhabar Malikiyya a ɓoye ake karatun, a Harami kuwa za ka ji liman ya bayyana, kada Hajiya ta rikice. To Alhaji, in aka tsaya sallar a daidai lokacin duhun, kana cikin sahu, ba ka da damar ɗaga kai sama. Ka san abin da ka je yi tun daga gida.

Tsohon Malamin Makaranta:

Malam ya yi gaskiya, amma husufin gaba ɗayansa, daga fara cin rana zuwa washewa, ya fi awa 2, duhun ne minti 5. Yadda hukumar Harami za ta tsara lokacin sallar sai ka bi sanarwarsu in abin ya matso. Ƙari a kan maganar mai walda: a cikin mintunan duhun nan kaɗai ake cire tabarau a kalla da ido, kuma da zarar ɗigon haske ya ɓullo a gefe a mayar. Kada ka ɓata su wajen ɗaukar hoto da waya, ba za ta fitar da komai ba sai farin ɗigo. Rana za ta kasance kusan tsakiyar ka, don haka dogayen benaye ba za su tare ba, sai dai rumfa.

In kuma adashin bai kai ba, ranar 20 ga Maris 2034 wani cikakken zai ratsa Najeriya, har Legas tana cikin layin.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, 2034 ta yi wa Hajiya nisa, shekarunta sun ja. Na karanta mata amsoshinku jiya da daddare, ta ce ita in an tsaya sallah sahu za ta bi, kallo kuma in Allah ya nufa ta gani. Maman Khalifa, maganar zafin ta shige ni, zan kai ta wajen likita a duba har da hawan jininta kafin in biya ko sisi. Zan kuma sa a rubuta min a takarda cewa 1 da 2 ga Agusta a Makka za mu kwana. Mai walda, in na samo tabarau ɗin zan biyo Ƙofar Ruwa ka gwada min, wane layi shagon naka yake?