Neman shawara kan akwatin gilashi don kiwon kunama

Ɗan Pantami:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a nan Gombe, kuma na daɗe ina sha'awar ajiye kunama domin in riƙa nazarin halayenta. Makon jiya, muna kwashe tarin bulo a bayan gida, na kama wata mai launin ƙasa-ƙasa, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, na saka ta a kwalba mai faɗin baki. Wani mai aikin gilashi da alminiyom ya yarda zai haɗa mini akwati. Wane girma zan ce masa, me zan shimfiɗa a ciki, kuma me zan riƙa ba ta?

Malamin Bayoloji, Bauchi:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Kafin mu je ga akwati, koma ka dubi abin da ka kama da kyau. Idan hannuwanta sirara ne, wutsiyarta kuma mai kauri, to da dafi ta dogara wajen farauta, kuma irin waɗannan ne harbinsu ya fi tsanani, musamman ga ƙananan yara. Bayaninka ya yi kama da kunamar da masana ke kira Hottentotta hottentotta, wadda ta yawaita a yankinmu. Macen wannan jinsi tana iya haihuwa ko ba ta haɗu da namiji ba, saboda haka kana iya wayar gari ka tarar da 'ya'ya farare sun cika mata baya, kowane ɗaya kuma zai iya sulalewa ta 'yar kafar da idonka bai gani ba. Ban ba ka shawarar farawa da ita ba.

Wadda masu kiwo suke farawa da ita ita ce babbar baƙar nan da muke kira duwu, musamman jinsin Pandinus imperator na Afirka ta Yamma. Yana kaiwa santimita 20, hannuwansa manya ne kamar awartaki, amma dafinsa mai sauƙi ne. Tun 1995 yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe, don haka kada ka yi tunanin aika shi waje ba takarda.

Akwati mai tsawon santimita 45 da faɗin 30 ya ishi guda ɗaya. Ka zuba ƙasa mai laushi wadda ba taki a cikinta, gauraye da ɓawon kwakwa da aka farfasa, zurfinta ya kai santimita 10 zuwa 15, domin duwu mai haƙa rami ne, kuma idan bai samu wurin haƙa ba sai ya yi ta zagaye jikin gilashi ba hutawa. Ka kifa masa rabin fasasshiyar tukunyar ƙasa ya riƙa ɓuya, sannan ka ajiye ruwa a murfin kwalba marar zurfi.

Maman Yara:

Ƙanena, idan gidanku akwai yara, murfi ne abin da za ka fi kashe wa kuɗi. Gaskiya ne kunama ba ta iya hawa gilashi mai santsi, amma tana bin gam ɗin da ake shafawa a kusurwoyi har ta kai sama. Ka ce wa mai gilashin ya yi murfi da ragar waya mai ƙananan ƙofofi, ya saka masa sakata. Kuma ka sanar da mutanen gida, domin ranar da aka yayyafa fiya-fiya a ɗakin ta mutu ke nan.

Bappan Tumfure:

Abin da Malam bai taɓo ba shi ne yanayinmu. Duwu yana son danshi kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da ɗumi tsakanin digiri 24 da 30. Na farkon da na ajiye hunturu ne ya kashe mini shi: na yi tafiyar kwana biyar a watan Janairu, na dawo na tarar ƙasar ta bushe ta tsattsage, shi kuma ya lafe a cikin murfin ruwan da ya ƙafe. Tun daga nan nake rufe rabin ragar da leda, ina jiƙa gefe ɗaya na ƙasar, in bar ɗaya gefen a bushe ya zaɓa da kansa. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, kada ka bar akwatin kusa da taga ko ƙarƙashin kwanon da ba silin.

Abincinsa gyare ne da fara da kyankyasai, biyu ko uku a mako, amma ba na gonar da aka yi wa feshi ba. Idan ƙarami ne ya daina ci ya toshe raminsa, wataƙila saɓa zai yi, sai ka cire duk ƙwaron da ya rage, domin gyare yana iya gwaguyarsa kafin sabon jikinsa ya yi ƙwari.

Ɗan Pantami:

Na gode ƙwarai. Na sake dubawa, hannuwanta sirara ne kamar yadda Malam ya kwatanta. Gobe zan kai ta jeji nesa da gidaje in sake ta, sannan in kai wa mai gilashin awon akwatin duwu da batun sakatar.