Rumfunan Abinci na Hanyar Legas Zuwa Arewa: Direbobi, Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Tuna

Tsohon direban tirela, Agege

Assalamu alaikum. Manya da ƙanana na bakin sitiyari, da fatan kowa ya sauka lafiya.

Shekaranjiya wani yaro da ya koyi mota a hannuna ya zo gaishe ni bayan ya sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas. Muna cikin hira na tambaye shi inda ya ci abinci tun daga Kwanar Gafan ta Kano. Ya ce burodi da ruwan leda a cikin mota, sai indomi da aka soya masa a Ogere. Tafiyar kusan kilomita dubu, bai zauna ya wanke hannu ya ci tuwo ko sau ɗaya ba. Na kwana ina juya maganar nan a raina, shi ya sa na ce bari in kawo ta gabanku.

Ni na shiga harkar nan ina karen mota a farkon shekarun 1980, a wata roka ƙirar Marsandi 911 mai bodin katako. Mukan sauko da albasa, mu koma da goron Shagamu. Lokacin babban titin Ikko zuwa Badun sabo ne, don a 1978 aka buɗe shi. Amma inda zuciyata take a duk hanyar nan shi ne Jebba, kafin ka hau gada idan ka fito daga Ilori. Akwai wata baiwar Allah Banufiya da kowa ke ce wa Inna. Rumfar zana ce, benci uku, randa an binne rabinta a ƙasa don ruwa ya yi sanyi, da fitilar aci-balbal a kan turmi. Tuwon shinkafa take yi da miyar kifin kogi. Tun daga gangara, da ta ji kukan inji ta san motar wane ce, kafin mu tsaya ta riga ta zuba wa maigidana a langarsa, don manyan direbobi kowa da langarsa a wajenta.

Mu yaran mota ba ma zama sai mun sa waigi, mun bi tayu muna ƙwanƙwasawa da ƙarfe, mun zuba ruwa a lagireto. Kafin mu gama sau da yawa tukunya ta yi ƙasa. Sai ta kankaro ƙanzo, ta jiƙa shi da miya, ta ɗora kan kifi a sama, ta ce, "Ɗana, ci, kai ne mai wahalar." Ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kan wannan ba.

Akwai kuma wani gwangwanin madara babba da take ratayewa a jikin dirka. Wasiƙu ne a ciki da saƙon kuɗi. Kafin wayar salula ta zo a 2001, mai hawa Arewa ya ajiye, mai gangarowa Kurmi ya ɗauka. A bakin Inna na ji an yi mini haihuwar fari. Wani direban garinmu ne ya bar mata saƙon kwana biyu kafin in iso, ta riƙe shi a ka. Ina saukowa ta rangaɗa guɗa, ta ce namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Na zauna a bencin nan hawaye na zuba, direbobin da ban sani ba suna ta yi mini barka.

Don Allah kowa ya kawo tasa.

Direban tanka, Apapa

Wa alaikumus salam Baba. Allah Ya ƙara girma.

Ni tawa ba a daji take ba, a tsakiyar Legas take. Waɗanda suka yi layin Apapa wajen 2017 zuwa 2019 sun san abin da nake nufi. Motoci sun cika gadar Ijora, layi ya miƙe har ya hau titin Ikorodu. Ka baro gida da niyyar kwana biyu, ka share mako biyu ba ka kai bakin defo ba. Ba ka isa ka bar mota ba, don layi na iya motsawa da tsakar dare, ga masu kwance batir da madubi.

Wanda ya riƙe mu a lokacin wani mai shayi ne, mutumin Nijar, da ya kafa teburinsa a ƙarƙashin gada. Da asuba yaronsa zai hau gadar da buta a hannu ɗaya, ledar burodin Agege a ɗaya hannun, yana bin motoci yana ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kuɗi ya sha haɗin kauri da ƙwai, wanda aljihunsa ya bushe ya sha ruwan bunu. Yana da wani littafin makaranta da yake rubuta bashi da ajami, ba ya rubuta suna sai lambar mota. Da azumi ya riske mu a layi, shi ke tashin mu sahur, da magariba kuma ya shimfiɗa kwalaye a gefen teburinsa mu yi jam'i. Tun da aka shigo da tsarin Eto na kiran motoci a farkon 2021 zaman kan gada ya ragu, shi ma ya tashi daga wurin. Na biya shi bashina kafin nan, alhamdulillahi, amma na san akwai lambobin da suka rage a littafin.

Mai jigilar shanu, Oko-Oba

Mu masu ɗauko shanu daga Potiskum ba mu da zaman benci. Ka daɗe a tsaye saniya ta kwanta, sauran su tattake ta, asarar ta hau kanka. Saboda haka a tsaye muke ci, ido na kan mota.

A Ogbomosho na fara cin amala. Da na ga baƙinta sai na ja baya, ga shi ina shakkar naman. Matar ta gane, ta nuna mini carbinta da hoton Ka'aba a bango, ta ce ita Alhaja ce, nama kuma yankan Musulmi ne. Ta haɗa mini ewedu da miyar wake da ganda, ta tsaya a kaina sai da na kai loma uku. Yau shekara goma sha ina tsayawa wajenta. Da ta hango motar take sa yarinya ta ƙulla mini a ganye, ta miƙo ta taga. Lokacin rikicin kasuwar Sasa a Badun, a watan Fabrairun 2021, ita ta bugo mini waya da kanta ta ce kada in kuskura in shigo sai ƙura ta lafa.

Direban daf, Ijora

Baba, ka yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Gaskiya ne akwai mutanen kirki, amma kada mu nuna wa yara kamar komai na wuraren nan zuma ne. Sau nawa aka kwantar da mu saboda ruwan da ake wanke kwano da shi? Baho ɗaya tun safe har dare. Ni taifot ya kwantar da ni wata guda, kuma na san inda na kwaso shi.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da ake sayarwa a bayan rumfa. Gadagi da ƙwaya, daga baya tiramol da kodin suka shigo. Yaro ya ci tuwo ya ƙoshi, barci ya taso, maimakon ya kwanta awa biyu sai a ce masa ga maganin gajiya. Abokina da muka tashi tare a kan haka ya rasu, tsakanin Oyo da Ogbomosho, inda titin ya matse kuma manyan motoci ke gogar juna. Mun ci abinci kwano ɗaya da magariba, na ce ya kwanta, ya ce ya sha abin da zai kai shi Ilori. Ni na taras da motar a rami da hantsi. An hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, amma wanda ke kwana a gareji ya san ba a daina sha ba. Masu abinci da yawa ba ruwansu, wasu ma korar masu sayarwa suke yi. Amma wuri ɗaya ne, kuma yaron mota a nan yake fara gani.

Tsohon direban tirela, Agege

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Ni ma na binne irinsu.

Mai abinci, Mile 12

Salamu alaikum iyayena direbobi. Ɗana ne ya karanta mini wannan hira, na ce sai ya rubuta mini tawa, don ni a rumfar abinci aka goye ni. Mahaifiyata ta yi shekaru tana tuwo a Ogere, inda tireloli ke kwana, ni kuma yanzu ina yi a nan bakin kasuwa.

Ku kuna ganin tuwo a kwano, mu muna ganin daren da aka yi shi. Ƙarfe uku na dare ake hura wuta. Itace jiƙaƙƙe da damina, hayaƙi har ya lalata wa mahaifiyata ido. Masara sai an surfa, an kai inji, an tankaɗe. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da man shanu ba a samun na kirki a nan, direbobi ne ke taho mana da su daga gida, sau da yawa ba su karɓar kuɗin mota. Shi ya sa in direba ya ce motarsa ta lalace, maigida bai aiko da kuɗi ba, ba ma iya hana shi abinci. Wani sai ya yi kwana goma yana jiran bakanike, safe da rana da dare yana ci.

Maganar Malam na Ijora kan ruwa gaskiya ce, ba zan kare ba. Ruwa saya muke yi jarka-jarka daga 'yan garuwa, mai son riba sai ta yi tsumulmula. Mahaifiyata takan ce wanda ya ci a hannunka amana ce, don haka baho uku take ajiyewa, ni ma haka nake yi.

Abin da ba zan manta ba, wata rana wani dattijo ya zo da sanda yana tambayar mahaifiyata, shekara biyu bayan rasuwarta. Ya ce ya ci bashin abincin sati guda, ya tafi da niyyar dawowa, sai haɗari ya karya masa ƙugu ya bar tuƙi. Daga Gusau ya biyo motar wani don kawai ya biya. Na ce ta yafe tun tana raye, don duk azumi takan yafe wa na cikin littafi. Ya ƙi, ya ajiye kuɗin a kan tire, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo.

Wahalar da muka fi sha kusa-kusan nan ita ce ta canjin kuɗi a farkon 2023. Direba ga kuɗi a waya, ba takarda a hannu, mai itace da mai nama kuma ba su san taransifa ba. Rumfuna da yawa a lokacin suka rufe, wasu har yau ba su buɗe ba.

Matashin direba, hanyar Aliero zuwa Legas

Baba, ranka ya daɗe, bari in ɗan yi magana a madadin mu yara, don kada a ɗauka raina tuwo muka yi.

Na farko tsoro. Akwai wuraren da dole ka wuce su da rana, musamman masu bin Tegina zuwa Birnin Gwari, mu ma na ɓangaren Kwantagora haka. Idan ka zauna cin abinci awa ɗaya, ayarin da kuke tafe tare ya wuce, kai kaɗai za ka shiga dajin. Na biyu, masu motoci yanzu sun sa na'urar da ke nuna musu inda kake. Ka tsaya minti talatin waya ta fara ƙara. Na uku kuɗin hanya. Tun da gas ya haura naira dubu lita, abin da ake ba mu na ci bai taka kara ya karya ba, ga masu tsayar da mota a kowace kwana suna miƙo hannu. In ka lissafa sai ka ga burodi da suga ne kawai zai kai ka.

Amma ni ma na ɗanɗana abin da kuke faɗa, sau ɗaya. Da damina ta 2017, lokacin da ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, ina karen mota, muna ɗauke da albasa. Gaba ba hanya, baya motoci sun toshe. Abincin da ke wurin ya ƙare a rana ɗaya. Sai ga matan ƙauyukan kusa da tukwane a ka, suka kafa murhu a bakin kwalta. Mu muka buɗe buhun albasar da ta fara tsiro, masu tumatir suka sauke kwandunan da ba za su kai ba, wani mai shinkafa ya kira maigidansa ya ba da izinin buhu ɗaya. Aka yi dafa-duka a manyan tukwane, Bahaushe da Bayarabe da Ibo kowa da murfin kula ko gwangwani a hannu. Wata tsohuwa ta ga ba ni da kwano, ta zuba mini a murfin tukunyarta. Ban san yarenta ba, ba ta san nawa ba sosai, da hannu ta nuna mini in zauna in ci.

Tsohon direban tirela, Agege

Ɗana na Aliero, na ji uzurinku kuma na karɓa. Allah Ya tsare ku, Ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyin nan. Hajiya ta Mile 12, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya saka muku da alheri.

Ina da roƙo ɗaya. Rabona da Jebba tun da ciwon ido ya sauke ni daga mota, kuma na ji Inna ta rasu da daɗewa. Tana da 'ya da ke taya ta tuƙin tuwo, mai tsaga a kumatu, yanzu ita ma ta manyanta. Duk wanda zai haura cikin makon nan kuma ya isa can da rana, ya taimaka ya tambayi tsofaffin masu faci na bakin gada ko tana nan. In an same ta, a biyo ta Agege wajen masallacin da ke kusa da layin dogo bayan azahar, a tambayi tsohon direba mai farin gilashi. Akwai turmin atamfa da na saya na ajiye, ina so a kai mata.